Kwatar da Ya Cike

…kuma ruwan ba tsayawa yake yi ba. Tafiya yake. A hankali, amma tafiya yake, kuma ba gindin bishiyar lemun tsami ya nufa ba — ɗaki ya nufa.

Fawwaz yana tsaye da tiyo a hannu, baki a sake. Famfon ma bai rufe ba. To rufe mana, Ustaz. Je ka rufe. Ƙafar ce ta ƙi ɗaguwa.

Kwana goma sha ɗaya yana durƙushe a tsakar gidan nan yana jera tubalan intalok, ja ɗaya, ruwan toka ɗaya, shi da ya yi shekara talatin bai ɗauki abin da ya fi alli nauyi ba. Ya haƙe ƙasa. Ya zuba tsakuwa ya daɓe. Ya baza yashi ya ja shi da katako, ya bi kowane tubali da gudumar roba. Duk abin da mutumin cikin waya ya ce a yi, ya yi. Saura abu ɗaya: a share yashi ya shige tsakanin tubalan, a fesa ruwa ya zauna. Don haka ya jira Laraba, ranar da ake sako wa unguwarsu ruwa. Tun da safe bututu ya fara tari, tankunan saman gidaje suka fara cika, matan layin suka hau wanki. Shi kuma ya janyo tiyo yana murmushi. Murmushi fa yake yi, wawan Allah.

Kuma yau ne. Yau bayan la'asar 'yarsa Lubna za ta ɗauko uwarta daga asibiti.

"Baba, ni ba gardama zan yi da kai ba," haka ta ce masa a barandar asibitin, tana juya makullin mota a yatsa. "Ƙofar gaba matakala tara ce. Ta baya kuma ƙasa ce, taya ba ta tafiya a kai. In keken guragun bai shiga ba, in ɗakin bai yi ba, gidana a birnin Amman zan wuce da ita. Ni a ƙasa nake, ba matakala ko ɗaya."

"Uwarki gidanta za ta dawo." Da muryar aji ya faɗa, wadda in ya yi ta ko tari ba a yi. Lubna ba 'yar ajinsa ba ce. Kallonsa kawai ta yi ta ce za ta zo ta gani da idonta.

Amman… Daga nan garin Irbid zuwa can, a motar haya, da waɗannan gwiwoyin? Ya riƙa zuwa ranar Juma'a da ledar ayaba kamar baƙo, ya zauna a falon surukinsa, a kawo masa gahawa, ya gaida Intisar, matarsa ta shekara talatin da huɗu, ya duba agogo, ya tashi? A'a. A'a wallahi.

Ya rufe famfon. Ruwan bai san an rufe ba.

Yana bin sa da ido, layi bayan layi, har bakin ƙofar ɗakin baya, inda ya sa aka kafa mata gadon nan mai ɗagawa. Da akwai dokin ƙofa a wurin, tudun siminti mai tsayin yatsa huɗu. Shi ya fasa shi. Da hannunsa, ranar Asabar, da guduma, don taya ta wuce sumul ba gargada. Har hoto ya ɗauka.

Kafet ya sha. Ya taka, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunsa. Ƙarƙashin gado, ƙarƙashin durowa, silifas ɗinta da ya ajiye a jere — silifas ɗin me? Ina za ta taka da su? Amma ya ajiye, kuma sun jiƙe. Tiyo ne fa kawai, na minti goma. To ranar da ruwan Disamba ya sauko, kwana uku ba ƙaƙƙautawa, ita tana kwance ɓari guda a shanye, ba ta iya ko kiran sunansa…

"Ustaz, ruwan ta ina zai fita?"

Abu Ra'id ke nan, maƙwabcinsa, tsohon magini, ya ɗora haɓa a kan katanga tun a rana ta uku da fara aikin, sigari a bayan kunne.

"Shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa, Abu Ra'id. Na san inda ruwa ke bi."

"To madalla. A kan allo dai ruwa bai taɓa jiƙa kowa ba. In zo in ja maka igiya? Ko shayi ba sai ka ba ni ba."

"Na gode. Aikin nan nawa ne."

Nawa ne. Ka ji girman kai, rawanin tsiya. Amma ba girman kai kaɗai ba ne, Intisar, ke kin sani… ko ba ki sani ba? Likita yana da abin yi. Masu jinya suna da abin yi. Lubna tana juya ki, tana goge miki baki, tana fahimtar abin da idonki ke faɗa. Shi fa? Kujera. Zama a kujera da carbi, yana kallon ruwan leda yana ɗiga. Yana so a ce akwai abu ɗaya, ɗaya tak, da hannunsa ya yi miki. Shi ke nan laifin.

Yanzu ya leƙa ta katanga ya kira Abu Ra'id. Matarsa Umm Ra'id ce ta amsa daga wajen shanya: mai gidan ya tafi ƙauye tsinkar zaitun, sai Juma'a. Lafiya dai, Abu Mu'taz? Haka maƙwabta ke kiransa. Lafiya lau. Lafiya ƙalau. Ya sauko daga kan bokitin da ya taka.

Ina kuskuren? Santimita ashirin ya haƙa ko'ina. Ko'ina. Da rula ya auna, kusurwa-kusurwa, bai fifita wani gefe a kan wani ba, yadda bai taɓa fifita ɗalibi ba. Ashirin a bakin ƙofa, ashirin a gindin katanga… To in filin tun asali ya karkata ne wajen ɗaki? In ka cire ashirin daga tudu, ka cire ashirin daga kwari, me ka gyara? Ɗan aji huɗu zai ba ka amsa. Ka tufatar da gangaren ne kawai, ka yi masa santsi, ka toshe ƙasar da take shanye rabi.

Amma in ya karkata tun asali, me ya sa ruwa bai taɓa shiga ɗakin ba? Shekara talatin da huɗu. Ko sau ɗaya.

Kwata.

'Yar kwatar nan. Ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Kowace Laraba, kafin ta fara wanke tsakar gida, Intisar takan tsuguna da tsohuwar wuƙa marar ƙota tana ƙwaƙule ta, tana fitar da ganye da ƙasa. Shi yana ƙarƙashin rumfar inabi da jarida da shayi.

"Injiniya, an fara aikin dam ɗin?"

"Ɗaga ƙafarka, Fawwaz."

Sai ya ɗaga, idonsa na kan jarida. Ya ɗauka tattali ne irin na mata, kada ruwan wanki ya tafi a banza, a kai wa lemun tsami. Ranar farko ta aikin nan ita ya fara cikewa. Shebur biyu. Har yana cewa a ransa, wannan ce za ta maƙale taya.

Ya nuna mata hoton a asibiti. Ya kara wayar kusa da fuskarta: kin gani, Umm Mu'taz? Daga ƙofar baya har gadonki, sumul. Za ki zauna a gindin lemunki ki sha iska. Bakinta ya karkace, sauti ya fito wanda ba magana ba. Hannun hagun, mai rai ɗin, ya hau motsi a kan bargo. Yatsa ɗaya. Tana jan layi, ta lanƙwasa shi, ta dawo ta sake ja. Ta sake. Idonta a kansa, jajir.

Shi kuma ya kama hannun ya danne shi a hankali. "Na sani, na sani. Ba sai kin gode min ba."

Inna lillahi… Ya danne hannun.

An kira azahar tun ɗazu? Bai ji ba. Ya naɗe kafet ɗin, nauyinsa kamar gawa, ya ja shi waje ya kasa ɗora shi a kan igiya, ya bar shi nan yashe. Tsumma, bokiti, matsa, tsumma. Ɗakin zai bushe. Ɗaki ba matsala ba ne. Ya yi shiru kawai? Rana tana dukan tubalan, nan da awa ɗaya ba wanda zai san an yi. Lubna za ta turo keken, taya ta wuce sumul, ta ce sannu Baba, ka yi ƙoƙari. Ta tafi. Sai Laraba mai zuwa. Sai Disamba, da tsakar sanyi, shi da ita su biyu a gidan, shi da ba ya iya ɗaga kafet…

A'a. A tono kwatar. Layi biyu kawai za a cire, a buɗe mata hanya.

Tubalin ya ƙi fita. Sun riƙe juna, ai don haka aka yi su. Farcensa ya karye. Sukudireba ta lanƙwashe. Yana waige-waige, sai ga gwangwanin madara a bayan tukunyar na'ana'a, wuƙar tana ciki inda ta bar ta. Bakin ya cinye, ya yi siriri saboda ƙasa. Gindin, inda babu ƙota, ta naɗe shi da tsumma, tsumman ya ɗauki siffar hannunta.

Na farko ya fito. Na biyu. Na bakwai. Gwiwar dama tana kuka, bayansa ya riƙe, zufa na shiga ido. Yashi, tsakuwa, ya kwashe da hannu har ya kai ƙasa. Ƙasa ce kawai. Daɓaɓɓiya, lafiyayya, shi ya daɓe ta da kyau. Babu alamar komai.

Daga bakin ƙofa kwatar ta fara, wannan ya tabbata. Ko daga gindin famfo? Ta bi jikin bango… ta lanƙwasa. A ina? Kafin turken inabi ko bayansa? Yatsan ya lanƙwasa a kan bargo, ya gani, hagu ne ko dama? Damanta ko damansa? Ya cire wasu biyar a nan. Ba nan ba. Wasu huɗu a can. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. To wane ne mai ɗakin? Shi dai sunansa ne a jikin ƙofa.

Yanzu ga rami a tsakiyar hanyar keken. Rami biyu. Tubala a warwatse, kafet a yashe, yashi ya caɓe. Ya mayar? In ya mayar, ruwa. In ya bari, taya. Kwana goma sha ɗaya, kuma ko a da can da ƙasa ce zalla tsakar gidan ta fi haka.

Ana kiran la'asar.

Laraba nawa ke cikin shekara talatin da huɗu? Kada ka lissafa, Ustaz. Kowace ɗaya ka ɗaga ƙafa, ruwan ya wuce ta ƙarƙashinka, ka sauke. Sau ɗaya — sau ɗaya da ka sauke jaridar ka kalli ƙasa…

Hon a ƙofar baya. Gajere, sau biyu, irin na Lubna. Ƙarar buɗe but ɗin mota, ƙarar ƙarfe ana ware keke.

"Baba? Buɗe mana, ga Mama."

Yana so ya miƙe, gwiwar ta ƙi. Yana durƙushe a cikin yashi da wuƙarta a hannu. Wadda ta san inda kwatar ta bi tana bayan ƙofar nan, taku shida daga inda yake, da yatsa ɗaya mai motsi… in har za ta yarda ta sake ja masa layin. In har Lubna za ta bari a shigo da ita.

"Baba?"

Kafin turken inabi ne… ko bayansa?