Maganaɗisun Aljihun Baba

Shekara huɗu na yi a kan lissafi ɗaya, na san shi ciki da waje. Shi ya sa da Shugaban cibiyar bincikenmu ya ce ran Alhamis za a karɓe injin daga hannuna a ba wata ƙungiya, ban tsorata ba. Haushi dai na ji, har wuya.

Injin namu ƙaton zobe ne, mutum na iya yawo a cikinsa in ya sunkuya. A ciki muke dafa iskar gas har zafinta ya wuce na cikin rana kanta. Babu bangon da zai taɓa ta ya tsira, don haka manyan maganaɗisu ke riƙe ta a tsakiya, tana zagayawa ba ta taɓa komai. A cikinta akwai wasu ƙwayoyi masu gudun tsiya, muna ce musu 'yan ƙiriniya. Su ke raba wa sauran zafi. In sun zauna wuta ta ci gaba, in sun sulale ta mutu, bango kuma ya ƙone. Ni na tsara yadda za a saita maganaɗisun don a tsare su.

Gwaji tara muka yi, duk taran na'urar da na kafa don ƙirga masu tserewa ta nuna suna zuba kamar ruwa a kwando.

"Dakta, ki haƙura," in ji Shugaba. "Takarda daban, inji daban."

"Lissafina bai yi ƙarya ba, ranka ya daɗe. Wani abu ne a ciki ke jan su. A buɗe min injin ran Talata."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa mai taurin kai, ya sa hannu.

Ran Talata da hantsi na shiga tare da Baba, tsohon makanikin da ya haɗa rabin injin da hannunsa. Sati biyu ke nan da dawowarsa daga aikin ido. Muka bi bango da tocila, tayil bayan tayil, duk fes. Sai a wuri guda muka ga baƙin tabo, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, daidai gefen na'urata.

Baba yana da wata ɗabi'a da duk muke tsokanarsa a kanta. Akwai ɗan maganaɗisu ɗaure da zare a aljihunsa, kuma duk ƙarfen da zai shiga ɗakin injin sai ya kara masa shi, ko da cokalin shayi ne. In ya manne, ba ya shiga, domin irin wannan ƙarfe yana karkatar da ƙarfin manyan maganaɗisun. Ya ciro shi, ya sake shi yana lilo. Abin ya yi tsalle ya manne da mariƙin na'urar, ƙas.

"'Yata, wa ya ƙera wannan?"

Na ƙura wa mariƙin ido. Ni ce na kai zanen wurin mai walda lokacin da Baba ke asibiti, ina sauri, na ce ya yi da duk ƙarfen da ke kusa. Ashe na'urar da na sa ta kama ɓarayi ita ke buɗe musu ƙofa. Kunya ta kama ni, amma a ƙarƙashinta wani daɗi ne ke tasowa, don lissafina yana nan daram.

"Ni ce, Baba."

"Digiri uku gare ki," ya ce, yana ɓamɓare abinsa, "amma ba ko guda na wannan zaren."

Ya ce zai iya canza mariƙin shiru, ba wanda zai ji. Na ƙi. In aka ga sakamako ya gyaru ba dalili, wa zai yarda da shi? Da rana na ɗauki ƙarfen na dire shi a teburin Shugaba a gaban kowa, na faɗi wanda ya sa aka ƙera shi. Wani ya yi dariya, ban hana shi ba. Na nemi gwaji ɗaya tak.

Ran Laraba aka kawo sabon mariƙi. Baba ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya kara masa maganaɗisun, abin ya zame ya koma lilo. Ya kara wa agogona, da maɓallin jakata, sannan ya matsa.

Aka rufe injin, aka zuƙe iskar ciki, aka kunna. Muka taru a ɗakin kula da injin, muka zuba ido. Layin ƙirgar masu tserewa da ya saba harbawa sama a fuskar kwamfuta ya ɗan motsa, sai ya kwanta. Daƙiƙa biyar, goma, ashirin, yana kwance, zafi kuma na hawa. 'Yan ƙiriniya sun zauna a gida.

Shugaba ya tashi ya je allon jadawali, ya goge sunan waccan ƙungiya daga Alhamis da gefen hannunsa, ya miƙo min alkalamin. Na rubuta nawa da manyan baƙaƙe. Da na juyo, Baba na tsaye yana tsinke zaren aljihunsa gida biyu da haƙori, ga wani ɗan maganaɗisu sabo a tafin hannunsa da zai ɗaura min.