Ƙullun Nuriyya

Nuriyya tana juya waina a bayan kwanon rufin da ta kare tandarta da shi, sai ta ji muryar Hajiya Madina a gaban rumfa tana tambaya ko mai wurin tana nan. Mu'mina, 'yar ƙaninta da ke tsayawa a teburin sayarwa, ta ce Goggo tana gida. Amsar da Nuriyya ta koya mata ke nan.

Kafin bara, duk mai neman waina a unguwar Briqueterie wurin Nuriyya ake nuna masa. Sai fatar yatsunta ta fara yin fari, ya hau bayan hannu. Likita ya ce launin fata ne kawai ya gushe, ba ya yaɗuwa. Unguwa ta ce kuturta ce. Wasu suka ce rantsuwar ƙarya ta yi da Alƙur'ani, ko da yake ba wanda ya iya faɗin a kan me. Ta rufe da lalle, aka ce me bazawara take yi da ƙunshi kullum. Masu saye suka janye, har mai filin ya fara zancen ba wani tela wurin. Da ta kafa kwano ta koma baya, ta tsayar da Mu'mina a gaba, ciniki ya dawo.

Hajiya ta ce ranar Lahadi za a yi sunan jikanta a unguwar Cité Verte, kuma wainar Mu'mina take so, don tun da yarinyar ta karɓi rumfar ɗanɗanon ya canja. Da sharaɗi ɗaya.

"A gidana za ki soya, ina gani. Ba wai ina zargin kowa ba ne, 'yata, amma kin san baƙi."

Mu'mina ta iya suya, amma ba ta taɓa haɗa ƙullu ba. Ta juya ta kalli kwanon. Nuriyya ta ƙwanƙwasa gefen tanda da cokali, alamar ta amsa.

"To, Hajiya," in ji Mu'mina. "Sai dai ƙullu kwana yake yi. Daga gida zan zo da shi."

Hajiya ba ta ga laifin wannan ba.

Ranar Asabar Nuriyya ta jiƙa shinkafa, ta aika niƙa, ta zuba yis. Da safiyar Lahadi ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannu har gwiwa ta buga ƙullun, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Aka sa bokitan a taksi, Mu'mina ta shiga gaba.

Bayan la'asar ta dawo da sabuwar atamfa a leda da langa a rufe. Ta ce Hajiya ta ba ta safar hannu ta roba, ta ja kujera ta zauna kusa da tanda har aka gama. Baƙi sun cinye, wata daga unguwar Ekoudou ma ta karɓi lambar wayarta. Langar kuwa saƙo ne: Hajiya ta ce a kai wa Nuriyya, baiwar Allah, ta ɗanɗana abinci mai tsabta, Allah ya yaye mata.

Nuriyya ta buɗe, ta gutsiri waina ɗaya. Gefen ya ɗan ƙone.

Mu'mina ta daɗe tana ninke atamfar kafin ta ce akwai sauran magana. Hajiya tana da shago a unguwar Tsinga, ta ce in tana so za ta ba ta gabansa ta kafa nata teburin, ta rabu da wurin da ake ƙyama.

"Goggo, wai yis ɗin nan, cokali nawa kike zubawa?"

Nuriyya ta san in yarinyar ta tafi da sirrin ƙullu, tela ne zai gaji rumfar. Ta rufe langar, ta goge yatsunta a zani.

"Ba na aunawa," ta ce. "Ki karɓi wurin. Ƙullu kuwa, kullum da safe ki turo a ɗauka."

Sannan ta tashi ta ƙara shinkafar da za ta jiƙa.