Kabarin da Ke Bayan Dutse

Likitan ido a Gusau bai ɓoye wa Malam Lawwali komai ba. Ya ce jijiyar ta fara mutuwa, ɗan ganin da ya rage ba zai kai damina mai zuwa ba. Shi ma tsohon ya sani. Da safe yana ganin mutum ya gane shi, da azahar sai dishi-dishi, la'asar na yi kuwa duniya ta koma masa kamar an watsa mata koko.

Abu guda ya tsaya masa a rai. Kabarin mahaifiyarsa yana wani kufai bayan dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bungudu, tafiyar awa biyu a ƙasa daga bakin titi. Duk zuri'ar shi kaɗai ya san wurin, don shi ya shiga ramin ya karɓe ta. In ya makance bai nuna wa kowa ba, wurin ya ɓace ke nan.

Ɗansa Tajuddeen, ma'aikacin gwamnati, ya ɗauki hutun yini guda. Ya cika jakar goyo da ruwa da dabino da ƙuli-ƙuli, suka kama hanyar Funtua da sassafe. Ƙarfe bakwai dutsen ya bayyana, tsohon na ganinsa tar, har awakin da ke gindinsa.

"Baba, mu tsaya mu shiga tun da sanyi," in ji Tajuddeen.

"In je wurin Inna ban gaya wa Tambaya ba? Cikinmu ɗaya fa, kuma ita ce gaba da ni. Ta ji a bakin wani, har in mutu ba ta yafe min ba. Ga Tsafe nan kusa, a tsaye za mu gaishe ta."

To, wanda ya san tsofaffinmu ya san ba su da gaisuwar tsaye. Kafin su tuɓe takalmi Tambaya ta sa an kama zakara.

"Yaya, sauri muke."

"Saurin mi? Gidanka ya kama da wuta? Shekara biyu ban sa ka a ido ba, ka zo min da sauri. Zauna, ɗan nema!"

Ya zauna. Maƙwabta suka ji ƙanen Tambaya ya zo, suka yi ta shigowa, kowa sai ya tambayi gida da gajiya da labarin Gusau. Tajuddeen ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Baba, gaya mata maganar idon nan mana."

"Rufe min baki. Hawan jini gare ta. Kana so mu tafi ziyarar kabari mu bar wata a kwance?"

Zakaran kuwa tsoho ne, ya ƙi nuna. Malam Lawwali na zaune bisa tabarma yana amsa gaisuwa, yana kallon inuwar zaure tana janyewa, fuskokin mutane na dusashewa ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu ya yunƙura, sau biyu Tambaya ta ce wallahi ba mai fita gidan nan da yunwa. Sai da suka yi azahar, suka ci, ta ɗaure musu daddawa a leda, sannan ta sake su.

A bakin hanyar dajin suka ajiye mota wurin 'yan sa-kai masu gadin manoma saboda 'yan bindiga. Babbansu ya ce, "Ku fito kafin rana ta faɗi. An gama yankan dawa, gobe za mu janye. Daga nan ba mai shiga sai baɗi."

Suka yi ta sauri, tsohon na tuntuɓe da kututturen kara. La'asar ta yi sakaliya kafin su kai kufan.

"Tsamiya ce, gabas da rijiya," in ji Malam Lawwali. "Taku goma daga gindinta."

"Baba, babu rijiya. Duk an nome wurin. Tsamiya kuwa har bakwai."

"Akwai wani tsagi a jikin dutsen da yake saitinta. Da na gan shi zan gane."

Ya ɗaga kai. Dutsen da ya cika rabin sama, ba abin da ya gani sai wani duhu mai faɗi. Tajuddeen ya ce tsagin da yake gani ya fi goma, wanne ne? Shekara arba'in da ido tsohon ya riƙe wurin, bai taɓa tanadar masa kalma ba.

Suka bi tsamiyoyin ɗaya-ɗaya, yana shafa ɓawonsu da tafin hannu. Duk iri ɗaya ya ji su. A ta biyar ya daɗe, har Tajuddeen ya ce, "Ita ce?"

"Ban sani ba."

"Baba, rana fa."

Malam Lawwali ya sauke hannunsa. "Juya ni gabas."

Ɗan ya kama kafaɗunsa ya juya shi. Ya yi wa Inna addu'a da sunanta, ya haɗa da duk wanda ke kwance a filin nan, ko ina yake. Da ya shafa, ya tsaya jim, bai san ta ina suka shigo ba.

"Taju," ya ce, "zo ka riƙe min hannu."