Bayan Takardar Jawabin Mai Tuta

Alhaji Sada Mai Tuta ya yi wata goma sha tara yana Firayim Minista, ya kuma yi shekara hamsin da biyu yana ba da labarin watannin nan. Ƙasar da ya mulka 'yar mitsitsiya ce, ko a taswira sai mutum ya duƙa zai gan ta. Sojoji sun kifar da shi ne yana Alƙahira wajen wani taro, a daidai lokacin da tela ke gwada masa sabuwar alkyabba. Tun daga ranar bai koma ba. Ya tare a hawa na shida na wani tsohon bene a unguwar Mohandessin ta Alƙahira, shi da akwatunan takardunsa da wata dattijuwa mai yi masa aiki, Awadiyya, Bahaushiyar Sudan, wadda ta daɗe da daina sauraronsa.

A zafin shekarar 2014 ya aika wa ɗaliban ƙasarsu da ke karatu a birnin cewa yana neman mai rubuta masa tarihin rayuwarsa. Kowa ya noƙe, ban da Nata'ala, ɗalibin hadisi da ke zaune a unguwar Ainu Shams. Abokansa sun ɗauka zafi ne ya taɓa masa kai. Ba su san cewa kakansa na wajen uwa, Habu Direba, shi ne ya jagoranci yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa a zamanin Mai Tuta ba. An kama Habu, aka ce wa iyalinsa an mayar da shi wani kurkuku mai nisa, shi ke nan. Mahaifiyar Nata'ala, Sabuwa, tana 'yar shekara huɗu a lokacin. Yanzu ta yi furfura, kuma ba ta neman diyya ko haƙuri. Kabari kawai take so a nuna mata ta tsaya ta yi addu'a.

Saboda haka kullum da safe Nata'ala yakan cusa kansa cikin jirgin ƙasa na metro zuwa Wustul Balad, tsakiyar birni, ya kama ƙaramar bas, ya haura hawa shida da ƙafa in an ɗauke wuta, ya zauna ya buɗe littafi.

Abin da ya ji kuwa ya ishe shi. Mutumin nan tafinta ne a ofishin Turawa, kuma ya shiga jam'iyyar neman 'yanci ne saura mako biyu a sa hannu kan takardar 'yancin. Ya samu kujerar don manyan jam'iyyar biyu sun kasa bar wa juna, sai suka nemo wanda ba wanda ke tsoronsa. A bakinsa kuwa, shi kaɗai ya kori Turawa da kaifin harshe. Ayyukansa da yake alfahari da su ba su wuce tsawaita sandar tuta da sauya sunayen tituna huɗu ba, uku daga ciki zuwa nasa. Yana tuna launin motar da ta ɗauke shi ranar 'yanci, da irin miyar da aka sha a liyafa, da ministan da ya yi masa gaisuwa a tsaye. Nata'ala ya saba a makaranta ba a karɓar labari sai an san wa ya ji daga wa, don haka yakan tambaya wa ya shaida abu kaza. Duk shaidun Alhaji sun mutu, kuma da alama wannan ne ya fi yi masa daɗi game da su.

Sai a mako na tara suka iso kan yajin aikin. Nata'ala ya ajiye alƙalami.

"Ranka ya daɗe, shugabansu fa? Habu Direba. Ina aka kai shi?"

Tsohon ya yamutsa fuska kamar an tambaye shi sunan kajin da ya ci a bara.

"Wane Habu? Ustazu, ni fa ƙasa guda na riƙe. Rubuta cewa na kashe wutar da hikima. Khalas, magana ta ƙare."

Nata'ala ya so a ce ƙarya yake yi, don mai ƙarya aƙalla yana tuna abin da yake ɓoyewa. Amma ya duba idanun nan masu yana, bai ga komai a ciki ba. Ya tsani mutumin a ranar, tsana irin wadda ba ta ko sa mutum ɗaga murya. Ya yanke shawarar gobe ne zuwansa na ƙarshe.

Washegari Alhaji ya tashi da ɗoki. Ya ce yau za a kwafe babban jawabinsa na cikar ƙasa shekara ɗaya da 'yanci, wanda ya rubuta da hannunsa da koren tawada. Takardar na rataye a falo cikin gilashi, kuma ba baƙon da ke tsira bai an kai shi gabanta ba. Katakon da ya kewaye ta ya rufe layin ƙarshe, sai Awadiyya ta kawo wuƙar yanka albasa, Nata'ala ya ɓamɓare bayan allon ya zaro takardar.

Ashe bayanta ba fari ba ne. Rubutun tafireta ne da harshen Turawa, daga shugaban kurkukun garinsu Nata'ala zuwa ofishin Firayim Minista. An ce fursuna Habu Direba ya rasu ranar Talata bayan kwana shida da kama shi. An binne shi a bayan katangar gabas, a gindin tsamiya. Ana neman izini a sanar da iyalinsa. A gefe, da koren tawada, da hannun nan mai lanƙwasa da Nata'ala ya san shi sarai, an rubuta: Na gani. A bari sai bayan biki.

Wato a wancan lokacin Alhaji bai ko tashi daga kujerar ba. Ya juya takardar ya fara jawabinsa, wanda layinsa na farko ke cewa daga yau ba ɗan ƙasar nan da zai sake kuka ba a ji shi ba.

Nata'ala ya karanta masa bayan takardar da ƙarfi, kalma bayan kalma. Alhaji ya saurara yana gyaɗa kai, har fuskarsa ta washe.

"Ka gani ko? Haka nake aiki. Ban taɓa yar da takardar gwamnati mai sauran fili ba. Ministocina sun sha yi mini dariya a kan haka. Rubuta wannan, a san irin tattalina."

Awadiyya ta yi tsaki daga bakin ƙofa ta koma kicin. Nata'ala bai rubuta komai ba. Ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya mayar da ita cikin gilashi, amma bayanta ne ya sa yana kallon falo. Ya rataye ta a ƙusarta. Tsohon ya ɗaga kai ya dube ta da idanunsa da ba sa rarrabe kore da baƙi, ya ce tamam, daidai ke nan, ta ma fi kyau yanzu.

A ƙasan benen, cikin hayaniyar motoci da ranar azahar, Nata'ala ya kira mahaifiyarsa. Ya gaya mata ba wani gari mai nisa da aka kai shi, a nan gida yake, bayan katangar gabas ta tsohon kurkuku, wurin da ya zama tashar mota.



"Tsamiyar bakin tasha?" ta ce a hankali. "Nata'ala, shekara ashirin ina soya ƙosai a gindinta. A can na goye ka."