Rantsuwa a Kan Wayar Mani

"A wace kasuwa ka ce ta faɗi?" Grace ta tambaya, idonta na kan kwamfuta.

"Sheme," in ji Mani. "Kasuwar Sheme."

Ta ci gaba da bugawa. Rumfarta na jingine da katangar kotu a Ƙanƙara, ƙaramin janareto na ruri a bayanta, duk mai son takardar rantsuwa nan yake fara tsayawa. Mani na zaune a kan benci, hularsa a gwiwa. Bai waiwaya ba, amma ya san Sagiru na tsaye a bayansa, hannuwa harɗe a ƙirji, yadda ya tsaya tun da suka sauka daga babur.

Sagiru maƙwabcinsa ne a Pauwa, katanga ɗaya ta raba gidajensu. A makon jiya 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko Shafa'atu, matar Sagiru, tana dawowa daga awon ciki, suka shige daji da ita. Da suka kira don a yi ciniki, sunan da ya fito a fuskar wayar Sagiru shi ne sunan Mani. Layinsa ne, wanda kowa a unguwar ya sani. Kafin azahar maganar ta zaga gari. Mani ya tunatar da mutane cewa tun damina na sabuwa ya faɗa musu wayarsa ta ɓace a kasuwa, aka yi ta gyaɗa kai, amma a masallaci sai ya ga gefensa na dama da na hagu sun yi fili. Ɗanhausa, shugaban 'yan sintirin garin, ya zo ƙofar gidansa da bindiga a kafaɗa, ya yi sallama cikin ladabi, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya tsaya yana kallon soron kamar mai auna faɗinsa. Maigari ne ya shiga tsakani. Ya ce Mani ya je kotu ya rantse, ya kawo takarda mai hatimi, Sagiru kuma ya bi shi ya gani da idonsa.

A hanya ba su yi magana ba. Mani ke tuƙi, Sagiru a baya, kuma duk ramin da suka faɗa sai Mani ya ji wani abu mai tauri a aljihun Sagiru ya taɓa bayansa. Ko waya ce, ko wuƙa, bai sani ba.

"Wace rana?" in ji Grace.

"Bayan Babbar Sallah da kaɗan."

Ta ɗaga kai ta duba kalandar da ke rataye, ta zaɓi wata rana ta sa. Injin ya turo takarda da ɗuminta. Mani ya karɓa ya juya ta. Turanci ne tun daga sama har ƙasa, abin da ya gane kawai sunansa da lambobin layin.

"Mi kika rubuta a nan?"

"Abin da ka faɗa, Baba."

"Ai maganata ba ta kai wannan tsawon ba."

"Haka ake rubuta ta. Ta kowa iri ɗaya ce, suna da rana kawai nake canjawa." Ta dube shi, ta dubi Sagiru, sannan ta mayar da idonta kan Mani. "A ciki za a karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu."

Ya lura da wannan kallon. Ya tambayi kansa ko ita da Sagiru sun san juna, ko an riga an zo an yi mata bayaninsa tun jiya. Ya ninke takardar, sai ta ce kada ya ninke, ya buɗe.

Aka ɗauke shi hoton fasfo a rumfa ta gaba, aka manna a kusurwar takardar. Ya biya a tagar kashiya ya karɓi rasit. Suka zauna a barandar kotu cikin masu jira: wata mata da ta zo gyara shekarun haihuwa, wani saurayi da takardun makarantarsa suka ƙone. Can ƙarshen baranda wani mutum mai baƙin tabarau na danna waya, lokaci-lokaci yana ɗagowa. Mani ya tabbata ya taɓa ganinsa, amma ya kasa tuna ko a ina. Da mutumin ya tashi ya fita, hankalin Mani bai kwanta ba, sai ma ya fara tunanin wa ya je ya gaya wa.

Aka kira sunansa.

Ofishin ƙarami ne, fanka na juyawa a hankali, fayiloli jibge har kan taga. Malam Abdulgafar, rajistaran da ke ba da rantsuwa, dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Ya karɓi takardar da rasit, ya dubi hoton, ya dubi fuskar Mani.

"Wannan fa?" Ya nuna Sagiru da biro.

"Maƙwabcina ne. Maigari ya ce ya shaida."

"Ni ne shaida a nan. Amma ya tsaya, ba laifi." Ya gyara tabarau. "Kana da alwala?"

"Ina da ita, ranka ya daɗe."

Malam Abdulgafar ya fara karantawa, yana juya Turancin zuwa Hausa layi bayan layi, da muryar wanda ya karanta irinta har ya gaji. Cewa shi Mani, namiji, baligi, Musulmi, manomi, mazaunin Pauwa. Cewa layi mai lamba kaza nasa ne. Cewa a rana kaza wayar ta faɗi a kasuwar Sheme, ya neme ta iya ƙoƙarinsa bai samu ba. Cewa bai san hannun wanda take ba.

Ya jawo aljihun tebur ya fito da Alƙur'ani a cikin gafaka ta fata, ya aje a gaban Mani.

"Ɗora hannunka."

Mani ya ɗaga hannu. Gafakar ta tsufa, gefenta ya yi baƙi saboda yawan taɓawa. Hannun ya tsaya a sama. Ya faɗi wannan maganar ta kasuwa a majalisa, ya faɗa wa matarsa, ya faɗa wa Maigari yana kallon idonsa, harshensa bai taɓa sarƙewa ba. Duk hanya yana gaya wa kansa cewa wannan ma faɗa ce kamar sauran. Ya ji numfashin Sagiru a bayansa.

"Malam, akwai masu jira," in ji rajistara.

Mani ya mayar da hannun kan cinyarsa.

"Ba a kasuwa ta faɗi ba."

Malam Abdulgafar ya aje biro. Ya miƙe da kansa ya tura ƙofa ya rufe, ya dawo ya zauna. "Ina jin ka."

"Ƙwace ta aka yi. Ranar Talatar da ta biyo bayan Sallah, ina noma a gonata ta bakin rafi. Suka fito daga cikin kalgo, a kan babura. Suka karɓe wayar, suka karɓe takin da na kai. Suka sa ni na kwanta, daga baya suka ce in tashi in tafi."

"Suka ce ka tafi."

"E."

"Ka kai rahoto wurin 'yan sanda?"

"A'a."

"Ka je an rufe layin?"

"Ban san ana yi ba. Na sayi wani dai."

"Me ya hana ka faɗa a gari?"

Mani ya dubi fayilolin da ke kan taga. "Ranka ya daɗe, a wurinmu wanda suka kama suka kashe, an san shi. Wanda suka kama aka fanso, an san shi. Wanda suka kama suka saki haka nan, shi ne ba a san ko wane ne ba. Bara an yi wa wani haka a ƙauyen gabanmu. Ba a kai shi ko'ina ba, a bayan gari aka gama da shi."

Rajistaran ya daɗe yana kallonsa, kallon da Mani ya kasa fassarawa. Sannan ya ja layi a kan takardar daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Da ka rantse a kan wannan, laifi ne mai ɗauri, ban da abin da ke tsakaninka da Allah. Je ka a sake bugawa. Amma ka sani, kwafi ɗaya zai zauna a nan. Duk hukumar da ta zo ta nema, zan ba ta. Kuma ni ba gaskiyarka nake shaidawa ba. Ina shaida cewa ka faɗa a gabana, ka rantse."

Sagiru ya buɗe ƙofa suka fita. Ya bi Mani har rumfar Grace, wannan karon ya tsaya a gefe inda zai ga fuskarsa.

Grace ta ga layin da aka ja, ba ta yi tambaya ba. Da Mani ya fara bayani sai ta matso da kujerarta, ta ce ya rage murya. Ta goge komai ta fara daga farko. Duk jimlar da ta buga sai ta maimaita masa da Hausa, ya ce e ko a'a. Da ta zo wurin sakin, ta tsaya.

"In sa cewa sun sake ka? Ana iya cewa an ƙwace kawai, a tsaya nan."

Mani ya dube ta. Ya rasa ko taimako ne, ko gwada shi take yi a gaban Sagiru.

"Sa," ya ce.

A karo na biyu bai jira an ce ya ɗora hannu ba. Ya maimaita kalmomin bayan Malam Abdulgafar. Aka danna babban yatsansa a tawada, aka danna a ƙasan takardar. Rajistara ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya manna jan tambari. Ya miƙa masa ba tare da ya ɗago ba, ya ce a kira na gaba.

A ƙarƙashin dalbejiyar da suka aje babur Sagiru ya yi magana, karo na farko tun safe.

"Don mi suka sake ka?"

"Takarda ba ta tambayi wannan ba."

"Ni na tambaya."

Mani ya duba hagu da dama. Mai rake ne kawai kusa, shi ma yana ciniki.

"Ka tuna Lawwali? Wanda ke zuwa mana ƙodago da kaka, mai tabo a goshi."

"Wanda ke kwana a soronka."

"Shi. Yana cikinsu. Sun ɗaure ni za su ɗora a babur, ya zo ya leƙa fuskata. Ya ce masu, wannan ba shi da ko akuya, wahalar banza za su sha. Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba. Tun ranar ban ƙara ganinsa ba."

Sagiru ya sa hannu a aljihu. Mani ya ja baya kaɗan har ƙafarsa ta taɓa tayar babur. Waya ce Sagiru ya fito da ita, ya duba fuskarta, ya mayar.

"Wata huɗu kana kallona," in ji Sagiru. "Ka san suna yawo a bakin rafi, ka san da layinka a hannunsu. Shafa'atu na kai wa matarka tuwo."

"Na sani."

"Shekaranjiya na ce ma Ɗanhausa ya bar ni in gama da kai." Sagiru ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa. "Maigari ya hana."

Wata mota ta wuce cike da buhunan masara. Suka jira ƙararta ta yi nisa.

"Mun haɗa abin da suka nema," Sagiru ya ci gaba. "Na sayar da gonar fadama. Sun ce jibi, mutum ɗaya ya kai masu kuɗin a kan babur, kuma ba mijinta ba. Na zaga dangi kaf, kowa na da uzuri. Wanda ya kai kuɗin fansa na ƙarshe daga yankinmu, sun karɓa sun riƙe shi." Sai yanzu ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, leɓensa ya tsage. "Kai akwai wanda ya san ka a cikinsu. Cikinta wata bakwai, Mani."

Mani ya dubi fuskar da ya sani tun suna yara suna kiwon awaki. Ya nemi ya gane ko roƙo ne wannan, ko kuwa abin da aka shirya ne a zauren Ɗanhausa: a tura shi, in ya shiga ya fito lafiya, an samu hujjar da ake nema. Ya duba, ya sake dubawa. Mai yiwuwa duka biyun ne. Mai yiwuwa Sagiru kansa bai sani ba.

"In na je na dawo da ita," ya ce, "ka san abin da za a ce a gari."

"Na sani."

"Za ka tsaya ka ce ba haka ba ne?"

Sagiru ya dubi takardar da ke hannun Mani. "Zan faɗi abin da na gani yau."

Mani ya gyaɗa kai. Ya sa takardar a cikin ledar da Grace ta ba shi, ya shafe ta da tafin hannu har ta kwanta, ya miƙa wa Sagiru.

"Riƙe. Ka kai wa Maigari da hannunka, a karanta a gaban mutane yau, kafin in tafi ko'ina. Kada a bari sai na dawo."

Sagiru ya karɓa da hannu biyu, ya cusa cikin riga.

Mani ya kwance murfin tanki ya leƙa, ya girgiza babur ɗin yana saurare.

"Mu tsaya a gidan mai," ya ce. "Wannan ba zai kai ni daji ya dawo da mutum biyu ba."