Wadda Ba a Yi wa Faɗa

Afra'u tana da shekara goma sha ɗaya aka kawo ta Rurum, gidan Salma, ƙanwar mahaifiyarta. Mahaifiyar, Fatima Zahra'u, ta rasu a Kibiya bayan jinyar wata biyu. Uban yarinyar direban babbar mota ne, sai ya yi wata guda bai kwana a gida ba, saboda haka bayan sadakar bakwai dangi suka zauna suka ce Salma ce ta fi dacewa ta riƙe ta. Mijin Salma, Munzali, shi ya ɗauko su a babur ɗinsa na haya, yarinyar a tsakiya tana rungume da jakar kayanta.

Kafin su taso, wata daga dangin uban ta riƙe hannun Salma a soro ta ce, "To, ga amana nan. Marainiya kin san ta, idon kowa yana kanta." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta zauna wa Salma a rai.

Salma tana da tata 'yar, Mu'minat, mai shekara goma. Ita ke shara, ita ke wanke-wanke, ita ke kai niƙa da ɗebo ruwa a famfon unguwa. Zuwan Afra'u bai rage mata komai ba. In Afra'u ta ɗauki tsintsiya sai Salma ta ce, "Ajiye, Mu'minat za ta yi." In an yi miya da nama, tsokar da ta fi girma a kwanonta take. Ranar da Afra'u ta yar da filas ɗin shayi ya fashe, Salma ta ce, "Ba komai, dama ya tsufa." Mu'minat tana gefe tana kallo. Ita a kan murfin kwano da ta ɓatar ta sha ranƙwashi a satin.

Sau ɗaya Munzali ya yi magana. Ya ce, "Anya ba ki yi yawa ba? Yarinya sai ka ce ƙwai."

"So kake a ce na mai da 'yar Yaya baiwa?"

Ya ɗauki makullin babur ya fita, bai sake tayar da zancen ba.

Wata shida suka wuce, Afra'u ba ta saki jiki ba. Ba ta rashin kunya, ba ta kuka, ba ta roƙon komai. Sai ta yi sallama kafin ta shiga ɗakin da take kwana. Wani lokaci ta tsaya a bakin randa ta ce, "Anti, in sha ruwa?" Salma ta ɗauka maraici ne, sai ta ƙara lallaɓawa, yarinyar kuma ta ƙara yin shiru.

Da kaka ta yi aka fara cirar gyaɗa, Afra'u ta soma makara in an tashi daga Islamiyya. Mu'minat ta dawo ita kaɗai, ita kuwa sai dab da magariba, hannuwanta suna ƙanshin soyayyar gyaɗa. Salma ta kasa tambayarta. Sai ta tsare Mu'minat da tambaya.

"Tana gidan Goggo Tani," in ji Mu'minat. "Kullum can take zuwa. Aiki take mata."

Goggo Tani yayar mahaifin Munzali ce. Tana zaune ita kaɗai a wani ƙaramin gida a bakin gari, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi shida, duk sun girma sun watse. Idonta ya yi rauni. Bakinta dai yana nan yadda aka san shi, har yara kan canza hanya in sun hango ta a ƙofar gida.

Washegari bayan la'asar Salma ta yafa mayafi ta tafi. Tun daga soro ta jiyo muryar tsohuwar.

"Wannan shi ne gyaran gyaɗa? Ke mai ido biyu kika bar min ruɓaɓɓu, ni da ba na gani hannuna ya tsinto su?"

"Goggo, guda biyu ne fa."

"Guda biyun ɗacinsu ya isa ya ɓata turmi guda. Zauna ki sake, raguwa kawai."

Sai Salma ta ji dariya. Ta tsaya cak, don tun da aka kawo Afra'u ba ta taɓa jin sautin dariyarta ba. Ta leƙa ta gan ta zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, faifai a cinya, ɗankwali ya zame, tana tura baki tana tsince gyaɗa.

Da Salma ta yi sallama yarinyar ta miƙe da sauri ta gyara ɗankwali, fuskarta ta koma irin ta gida. Salma ta durƙusa ta gaida tsohuwa. Goggo Tani ta amsa, sannan ta miƙa wa Afra'u kwalbar mai ta ce ta kai gidan liman, kada kuma ta tsaya kallon hanya.

Bayan ta fita Salma ta ce, "Goggo, yarinyar nan marainiya ce. Ni a gida ko tsinke ba na sa ta ɗauka. In aka ji tana nan tana wahala ana mata faɗa, ni za a zaga."

"Ni ban kira ta ba. Ta zo wucewa ta ga ina laluben muciya, ta miƙo min. Na ce tunda kin shigo sai ki hura min wuta. Ta hura ba daidai ba, na faɗa mata. Washegari sai ga ta ta dawo." Tsohuwar ta jawo faifan ta ci gaba da shafa gyaɗar da yatsu. "Kin san Ubaidullahi?"

"Wanda yake aiki a Rano?"

"Shi. Ɗan ƙanena ne, yana da shekara bakwai uwarsa ta rasu aka ba ni shi. Shi ne na farko da na riƙa, ina da ƙuruciya, ina tsoron bakin mutane kamar ke. Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ban taɓa aikensa ba. Har ya bar gidan nan bai san inda nake ajiye gishiri ba. Sauran biyar kuwa da suka zo bayansa na gaji da lallashi, yadda aka yi min haka na yi musu. Yau in suka zo, kansu tsaye suke shigowa, su buɗe min tukunya, su ce miyata ba daɗi. Shi kuma Ubaidullahi yaron kirki ne, duk Sallah sai ya kawo min atamfa da sukari. Amma a soro yake tsayawa sai an ce ya shigo. Ya gaishe ni kamar surukarsa, ya tashi ya tafi." Ta yar da wata ruɓaɓɓiyar gyaɗa gefe. "Ba laifinsa ba ne. Ni na nuna masa shi baƙo ne."

Salma ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ba bakin mutane kaɗai ba ne, Goggo. Fuskar Yaya ce da ita. In na buɗe baki zan yi magana, sai in ga Yaya ce ke kallona. Ita ta raine ni fa. Ta yaya zan daka mata tsawa?"

Tsohuwar ta daina abin da take yi. Ta tambaya a hankali, "Ita yayar taki ba ta yi miki faɗa?"

"Har ranar da za a kai ni ɗaki sai da ta yi min."

"To. Da tana nan da ta yi wa 'yarta. Ba ta nan. Ni kuma kwana nawa ya rage min?" Ta numfasa. "Ban ce ki dake ta ba, kada ki je ki ce Tani ce ta aike ki. Kuma kada ki hana ta zuwa, don ni ma ina jin daɗin ta. Rabon da in ji motsin yaro a gidan nan an daɗe."

Da Afra'u ta dawo daga aiken, Salma ta koma gida tare da ita.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Da safe ta yi niyyar sa ta shara, amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Afra'u, in ba ki gaji ba, ko za ki ɗan share nan?" Yarinyar ta ce to, ta share tas, ta jingine tsintsiya ta koma gefe ta zauna. Haka aka yi ta yi har sati uku. Salma tana roƙo, Afra'u tana yi, Mu'minat tana hararar su duka biyun.

Ranar wata Alhamis Salma za ta je barkar haihuwa a garin Zinyau. Munzali ya kawo gyaɗar gonarsu an shanya a tsakar gida a kan buhuna. Ta ce wa yaran su kula da shanya, duk wadda za ta fita ta sa sakata ta waje saboda awakin maƙwabta.

Da ta dawo da yamma, awaki huɗu ta tarar a tsakar gidan. Sun ci, sun tattake, sun watsa sauran har bakin makwarara. Tana cikin korarsu Mu'minat ta shigo da bokitin ruwa a ka, Afra'u kuma ta biyo bayanta daga gidan Goggo.

Salma ta juya kan 'yarta. "Ke wace irin yarinya ce? Me na ce miki kafin in fita?"

Mu'minat ta sauke bokitin. Idonta ya cika da hawaye amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Ni na riga ta fita, Umma. A gida na bar ta. Amma na san ni za a yi wa."

Salma ta waiwaya. Ta dubi Afra'u. Yarinyar tana tsaye jikin bango, hannu a baya, tana jiran a ce ba komai.

"Ke kika fita ƙarshe?"

"Eh, Anti."

"Kin sa sakata?"

"Na ja ƙofar."

"Ja na ce ki yi ko sakata?" in ji Salma. "Kin san wahalar da aka sha a gyaɗar nan? Tun damina ake kanta. Hankalinki yana gidan Goggo, kin fice kamar ana korarki. Da girmanki, ke ce babba a gidan nan, ke ya kamata ki tuna wa ƙanwarki. Ɗauki kwando ki tsince min ita ɗaya bayan ɗaya. Kuma kwana uku ba ke ba gidan Goggo."

Afra'u ta fashe da kuka, kuka mai ƙarfi irin wanda ba ta yi ba ko a zaman makoki. Ta fizgi kwandon ta durƙusa tana tsinta tana ƙunƙuni. Salma ta shige madafi ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi, ita ma ta yi nata. Da ta fito ta ga Mu'minat ta durƙusa a ɗaya gefen tana taya Afra'u, ba wanda ya sa ta.

Kwana biyu Afra'u tana fushi. Ta gaishe ta a daƙile, ta ci tuwo kaɗan ta ture. Salma ta shiga damuwa, har ta ce wa Munzali tana jin ta yi kuskure. Ya ce, "Fushi take yi da ke? Ai ban taɓa ganin ta yi ba. Ki ƙyale ta ta gama."

Ta kuwa gama. Salma ta raba musu aiki, yau wannan shara waccan wanke-wanke, gobe a juya. Sai ga rigima ta shigo gidan, kullum ana musun ranar wace ce, ana kawo mata ƙara. Gidan Goggo ma ta raba musu kwanaki, su kai mata tuwo su taya ta aiki. Mu'minat ta je tana tsoro, ta dawo tana kwaikwayon faɗan tsohuwar har Munzali ya ƙware da dariya. Ita kanta Salma ta riƙa zuwa ranar Juma'a da yamma. Wata maƙwabciyarta da ke riƙon 'ya'yan ƙaninta biyu ta fara bin ta, daga baya wata ta ƙaru. Su zauna suna ɓarar gyaɗa suna faɗin abin da ya dame su, Goggo Tani tana ba da amsa in ta ga dama, in ba ta ga dama ba ta ce ita ba makaranta ta buɗe ba.

Afra'u ba ta zama mai surutu ba. Akwai ranakun da takan zauna ita kaɗai a bayan ɗaki, Salma kuma ta koyi barin ta.

Ana saura kwana biyu bikin wata 'yar maƙwabta, mai kitson unguwa ta yi tafiya. Salma ta yi wa Mu'minat, sannan ta kira Afra'u ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta a inuwar ɗaki. Ta tsefe kan, ta shafa mai, ta tsaga da tsinke ta fara kamawa. Yarinyar ta noƙe wuya.

"Anti, da zafi."

"Haka ake yi in ana so ya daɗe."

Aka yi layi biyu. Sai Afra'u ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ummana ma haka take ja."

Hannun Salma ya tsaya a cikin gashin. Tun zuwanta, yau ne karo na farko da ta ambaci mahaifiyarta.

"Ai ita ta koya min," Salma ta ce. "A kaina ta koyi nata, ni kuma na koya a kan 'yar tsana. Kitsonta na farko da ta yi min, kwana uku ban iya ɗaga gira ba."

"Da gaske?"

"Da gaske. Daina motsi, za ki karkata min layi."

Afra'u ta gyara zama ta kwantar da kanta a gwiwar Salma, ta ce ta ba ta labarin.