Robobin Afra'u

"Me ta sha?" likitar ta sake tambaya, ta tsare ni da ido kamar ni na haifi Afra'u. Ni maƙwabciya ce kawai, bango ɗaya ya raba mu a unguwar Zongo. Ihunta na ji da hantsi, na tarar da ita cikin jini da cikin wata bakwai, muka kwaso ta zuwa asibiti.

"Magani dai, irin na masu ciki," na ce.

"Wane iri? Ki je ki kwaso duka. In ban san abin ba, me zan yi mata?"

Na haye zemijan, wato acaɓa, zuwa gida, zanina na neman kwancewa. Ƙarƙashin gadonta, innalillahi! Robobin ruwa ne cike da jiƙo, wani baƙi, wani ja, babu mai suna. Ga wani farin kwalin ƙwayoyi da hoton mai ciki tana murmushi.

Na fito tsakar gida ina ɗaga su. "Jama'a, na wa ne wannan?"

"Baƙin nawa ne, maganin zaƙi," in ji Hajiya Asiyatu, surukarta. "Da shi na haifi ’ya’yana kaf."

"Jan na kumburin ƙafa ne," in ji Aminata mai ƙosai. "Saiwa ce daga Sakkwato."

"Saiwar me?"

Ashe ita ma ba ta aka yi. Afra'u kuwa cikin fari ne, ga kunya. Duk babbar da ta miƙo mata, hannu biyu take sawa ta karɓa, ta shanye a gabanta, ba ta taɓa ce wa wata ta sha na wata ba.

Kafin in koma asibiti an rufe ta da zani, ita da abin cikinta. Na tsaya da leda a hannu kamar sokuwa. Na tambayi likitar wanne ne, ta ce ƙila ɗaya, ƙila haɗuwarsu, ƙila ma ba su ba ne. Wallahi wannan "ƙila" ta fi komai cin raina.

Na ajiye ledar a bakin ƙofarsu. Kafin sadakar uku, kowacce ta zare robarta a ɓoye. Kwalin kaɗai ya rage.

Da la'asar na ga mijinta Taufiq zaune da kwalin a kan benci.

"Mma, a kasuwar Assigamé na saya mata," ya ce. "Mutumin ya ce naturel ne. Ganye ne kawai, ko?"

Na leƙa kwalin. Rubutun ba Faransanci ba ne, ba Larabci ba. Yana ta juya kwalin, sauran ƙwayoyin na kaɗawa a ciki.